A daina ɗora wa dijital laifi, mu ne muke matse sautin

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili in sa baki a gardamar nan da ake ta yi, wai faifan garmaho ya fi waƙar waya daɗin sauti.

Ni dai na tashi na tarar da garmaho a ɗakin Baba, har yau faya-fayensa na nan cikin adaka, manya masu juyi 33 a minti da ƙanana masu 45. Ran sallah muka goge ɗaya muka ɗora allura, wallahi da kalangun ya shigo sai da Baba ya ajiye kofin shayinsa, kana jin sanda makaɗin ya matse shi a hammata ya sake, ga 'yan amshi can baya kowa da muryarsa. Sai ƙanina ya kunna waƙar dai a wayarsa, wadda aka tura masa a kasuwa, abin kamar ana buga gwangwani.

To amma fa gaskiya laifin ba na dijital ba ne. Sidi ɗin da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa guda, ya isa duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, ba ƙaraf-ƙaraf kuma ba ya cinyewa. Shi ko faifai duk sanda allura ta bi ta kansa sai ta ɗan ci shi, ƙura ta sa shi tsartsatsi, kuma waƙoƙin da ke kusa da tsakiya ba su kai na baki tsabta ba.

Matsalar ita ce MP3 ɗin da muke yawo da shi, wato matsattsen fayil ɗin waƙa na waya. Mai ɗaukar kilobit 128 a daƙiƙa kusan kashi ɗaya cikin 11 ne na girman asalin na sidi, an zubar da sauran don ya shiga memori, sannan wasu ma daga tsohon kaset aka kwafo su aka sake juyawa aka sake matsewa, mu kuma mu saurara ta sifikar waya da ba ta fi ƙwayar wake ba, ina za ta fitar da amon ganga? Ga 'yan situdiyo su ma kowa so yake tasa ta fi ƙara, sai a cika komai har kiɗan ya rasa numfashi.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffin faya-fayen makaɗanmu da ke jibge a gidajen rediyo da ɗakunan iyayenmu. Don Allah a kwafe su kai tsaye zuwa WAV ko FLAC, wato fayilolin da ba sa zubar da komai na sautin, da allura mai kyau tun suna juyawa. Namu guda uku zafin bazara ya riga ya lanƙwasa su, allura tsalle kawai take yi a kai.

Naku,
Mai karatu daga Zariya