Zuwa ga Baba da Inna, daga Ontariyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya kaka? Yaya ƙafar Inna? Na ji an gama yankan gero, saura riɗi da wake. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu, Ya ba mu ikon cin sa lafiya.

Na zaɓi in rubuto ne domin magana ba ta zama a waya. Ko layi ya yanke, ko lokaci ya saɓa, tunda awa biyar ce tsakaninmu, kuma a farkon Nuwamba za ta koma shida idan suka mayar da agogonsu baya. Auta ta zauna ta karanta muku a tsanake bayan Isha'i.

Baba, ran Babbar Sallah kun yi mini wata tambaya. Kuka ce, wai da gaske dabbar da ke shiga akurki tana kwashe mana kaji ita na ƙetare teku nake yi wa hidima? Ban ba ku amsa ba a lokacin, amma tambayar ta kwana da ni har yau, wata huɗu ke nan. Ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Bari in fara da Inna, da ta gaya wa Gwaggo cewa raƙuma nake kiwo. Inna, ba raƙumi ba ne, sunanta rakun. Babu ita a ƙasarmu, asalinta na nan Arewacin Amurka ne. Ta ninka kyanwa girma, gashinta toka-toka, wutsiyarta zobe-zobe kamar ta inyawara, idanunta kuwa zagaye da baƙi kamar an rambaɗa mata kwalli. Abin mamakinta hannu ne. Yatsu biyar gare ta, tana buɗe sakata da su, tana kwance igiya, tana murɗe murfin kwalba. Idan aka ba ta abinci kusa da ruwa sai ta tsoma shi tana murzawa, har mutane suke cewa wankewa take yi. Likitarmu ta ce lalube ne, domin da tafin hannu take gane abu fiye da ido. Da dare take yawo, kuma a Toronto ta addabi mutane da kifar da kwandon shara har hukumar birnin ta sauya kwandunan da masu makulli. Kowace ƙofar keji a wurinmu makulli biyu ne saboda ita.

Ɗaya dabbar da nake kula da ita kuwa ita ce wadda Baba yake nufi, 'yar uwar yanyawarmu. Ta nan ja ce, ta fi tamu girma da kaurin gashi, ƙafafunta baƙaƙe, bakin wutsiyarta fari. Hali dai ɗaya ne. Idan ta ƙoshi sai ta tona rami ta binne ragowar don gobe, kuma tana da wani wari mai kama tufafi wanda sabulu ba ya fitar da shi a wanki ɗaya.

Wurin aikin yana ƙauye, a kudancin Ontariyo, tsakanin gonakin masara da ɗan kurmi. Ba gidan zu ba ne irin na Kano, ba a sayar da tikiti, ba a barin 'yan kallo. Asibiti ne da gidan marayu a haɗe, da izinin ma'aikatar gwamnati mai kula da daji, domin a nan ba a yarda mutum ya ajiye naman daji a gidansa haka kawai ba. Mu huɗu ne ma'aikata, sauran 'yan sa kai ne, akasari ɗalibai da tsofaffin mata da suka yi ritaya.

Ina fita bayan Asuba. Kafin in taɓa komai sai na sauya kaya gaba ɗaya: riga doguwa ta aiki, takalmin roba, safar hannu, takunkumi. Sai zagaye, keji bayan keji, ina duba wanda ya ci da wanda ya bar abincinsa, wanda ke ɗingishi, da yadda kashinsu yake, ina rubutawa. Baba, abin da kuka koya mini ne a turken shanu, cewa dabba ba ta faɗin ciwonta, sai ka karanta shi a ido da kashi da yadda ta tsaya. Sannan shara da wanki, wanda shi ne kashi biyu cikin uku na aikin. Kashin rakun yana ɗauke da ƙwan wata tsutsar ciki da idan ta shiga jikin mutum takan kai ga ido ko ƙwaƙwalwa. Ƙwan yana shekaru a ƙasa bai mutu ba, ruwan bilic ma ba ya kashe shi, sai tafasasshen ruwa ko wuta. Don haka akwai ranakun da za ku gan ni da tukunyar gas ina bin daɓe da waya ina babbakawa. Inna kada ta tsorata, muna kiyayewa matuƙa. Kafin in fara aiki ma sai da aka yi mini allurar rigakafin cutar haukan kare, aka kuma auna jinina don a tabbatar ta kama. Ba wasa suke yi da wannan cuta ba. Da ta ɓulla a jikin rakun a Hamilton a ƙarshen 2015, gwamnati ta riƙa zuba maganin rigakafi daga jirgin sama, an naɗe shi cikin ɗan abinci mai ƙamshi, dabbobin daji suna tsinta suna ci.

Lokacin da aiki ya fi tsanani shi ne daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin haihuwa. Rakun takan hau rufin gida ta haihu a cikin silin don ɗumi. Mai gida ya ji motsi, ya ɗana tarko, ya kama uwar. Doka ta ce kada a kai ta fiye da kilomita ɗaya daga inda aka kama ta, amma wasu sukan kai ta can nesa su yar. Bayan kwana biyu sai a ji kuka a sama. Haka ake kawo mana su a kwali, uku, huɗu, biyar, wasu ido bai buɗe ba, jikinsu sanyi ƙalau. Wannan abu yana ɓata mini rai har yanzu, domin da an yi haƙuri 'yan makonni da uwar ta kwashe 'ya'yanta da kanta.

Ba a ba su madara sai an ɗumama su tukuna, in ba haka ba ta kashe su. Kowanne sai an ɗora shi a sikeli, a auna masa madararsa daidai nauyinsa, a ba shi da fida bayan kowace awa uku ko huɗu, dare da rana. Ƙananan ba sa iya fitsari da kansu, uwa ce ke lashe su, don haka mu muke shafa su da tsumma mai ɗumi. Idan suna sha sai su riƙe fidar da hannu bibbiyu suna wani gurnani a hankali. A watan Mayu na yi dare goma sha ɗaya a jere ina kwana a ɗakin. Na tuna Inna da ɗan akuyar nan da uwarsa ta mutu a shekarar da aka yi ambaliya, yadda ta riƙa ba shi nono da cokali a bakin murhu. Biyu sun mutu a hannuna a bana. Ɗaya na san dalili, ɗaya kuwa da yamma lafiyarsa lau, da asuba na tarar ya sandare. Na fita bayan rumbun abinci na daɗe a tsaye kafin in iya komawa.

Amma abin da ya fi mini wuya ba rashin barci ba ne. A gida, alamar makiyayi nagari ita ce dabbarsa ta san shi. Baba yana yin gyaran murya daga ƙofar gida, jan sa ya ɗago kai. A nan an juya abin. Da zarar an yaye su, an hana mu yi musu magana, an hana shafa su, an hana sa musu suna, lamba kawai ake rubutawa. Ana mayar da su babban keji a bakin kurmi mai kututture da kwatamin ruwa, mu ɓoye musu ƙwai da kifi da tuffa a ƙarƙashin ganye su nema da kansu, mu fice ba tare da mun haɗa ido ba. Dalilin shi ne duk wadda ta saba da mutum, ranar da aka sake ta za ta nufi gidan mutane tana neman abinci, a ɗauka ta haukace, a harbe ta. Akwai wani da na raina tun yana cika tafin hannu, lamba 23. Wata rana a Agusta na shiga da bokiti, ya haye can saman kututture ya yi mini huci yana nuna haƙora. Shugabarmu ta ce aiki ya yi kyau. Na san gaskiya ta faɗa, amma ranar ban ci abincin rana ba.

Yanyawa kuwa ƙazuwa ce ke kawo mana yawancinsu. Ƙwayar tana shiga ƙarƙashin fata, gashi ya zube, fata ta yi ɓawo, ido ya manne, dabba ta kasa farauta. A ƙasar da sanyi ke daskarar da ruwa, rashin gashi mutuwa ce. An kawo wata a Yuli da ba za ku ce yanyawa ba ce, wutsiyarta kamar tsinke. Maganin da likita ta ba ta ya ba ni mamaki, ivermectin ne, wanda ake rabawa a ƙauyukanmu da sunan Mectizan don cutar makanta ta bakin rafi, wanda kuma ake yi wa awaki allurarsa. Cikin wata biyu gashi ya dawo jawur. Da muka buɗe mata akwati a gefen gonar da aka tsince ta, ko waiwaye ba ta yi ba.

Akwai kuma waɗanda ba za su taɓa tafiya ba. Muna da wata yanyawa baƙa mai ratsin fari kamar furfura, da aka karɓo daga gonar da ake kiwonsu don fata. Wannan sana'a a Kanada ta samo asali, a tsibirin Prince Edward, a shekarun 1890, inda Charles Dalton da Robert Oulton suka fara kiwonsu a keji. Ita wannan a kejin waya aka haife ta, iyayenta da kakanninta ma haka, ba ta san farauta ba, ba za a iya sakin ta ba. An ce da aka kawo ta, kwanaki ta yi tana tsoron taka ƙasa, domin waya kawai ƙafarta ta sani. Yanzu ta tone kejinta ramuka ko'ina, kullum ina cikewa tana sake tonawa, kuma ban taɓa jin haushin wannan aikin ba. Ita kaɗai aka yarda in yi wa magana. Da Hausa nake yi mata. Wani lokaci nakan yi kwana uku ban yi Hausa da kowa ba sai ita.

A ƙarshen Satumba muka saki rakun na bana, da magariba, kowane rukuni kusa da inda aka samo shi, a bakin rafi. Lamba 23 ya fito ya tsaya yana shinshina iska, ya sa hannu a ruwa yana lalube, sannan ya bi 'yan uwansa ya hau bishiya. Na tsaya har duhu ya rufe su.

To Baba, ga amsata. Ban manta da kajinmu ba, kuma ban ce wanda ya kare akurkinsa ya yi laifi ba. Manoman nan ma suna kuka da yanyawa. Amma waɗanda ke zuwa hannuna ba a akurki aka kama su ba. Mota ce ta buge su, ko an raba su da uwa, ko an haife su a keji don a feɗe. Kusan duka hannun mutum ne ya jawo. Ku ne kuka karanta mana hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo wa kare ruwa da huffinsa Allah Ya gafarta masa, da Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Da wannan nake fita kowace safiya. Albashin ba shi da yawa, wanda ke aikin sito ya fi ni samu, amma halal ne, kuma karatun lafiyar dabbobi da kuka sayar da bijimi kuka biya mini shi nake aiki da shi.

Game da tsarki da Inna ta damu, na tambayi wani malami a masallacin da nake Juma'a. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, fitsari da kashinsu ne najasa. Kayan aiki a can nake barin su, ina da jallabiya da darduma a ɗakin ajiya, kuma sun san lokutan sallata, ba mai kirana a lokacin.

Sanyi ya fara shigowa, ganye duk ya zube. Rakun da suka rage suna ta ci suna tara kitse, domin idan dusar ƙanƙara ta sauka sukan shige rami su yi ta barci na makonni. Yanyawa ba ta barcin nan, sai ma ta ƙara kyau. Wannan makon bambaro muke ta cusawa a akwatunan kwanansu.

Na aika kuɗi ta hannun Yaya. A cire na maganin Inna da na makarantar Auta tukuna, abin da ya saura Baba ya ƙara a kan na riɗi, in Allah Ya kai mu wata Alhamis a duba tunkiya a Maigatari. Akurkin kuma a sa masa waya mai ƙananan ido, a binne gindinta kamu biyu a ƙasa a lanƙwasa waje, domin yanyawa ta ƙasa take tonowa. Haka muke yi a nan kuma ba ta wucewa.

A gaishe mini da Kawu da Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da Liman, da duk wanda ya tambaye ni. Inna, idan an sami mai zuwa, kuka da daddawa sun ƙare. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam.

Ɗanku.