Abba, Ka Sauko Daga Kan Kogin Nan

Abba,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya a gida. Hazo ya sauka sosai bana, da safe in ka tsaya a Ƙofar Doka ba ka hango ƙarshen titi, Hajiyarku har ta sa an fito da kaskon wuta. Ba wannan ya sa na zauna rubutu ba.

Ƙanwarka ta nuna mini hoto a wayarta tana dariya, ita a ganinta abin burgewa ne. Kai ne da wasu samari biyu tsaye a kan ƙanƙarar kogin Saskacewan ta Kudu a can Kanada, gada a bayanku, ka ɗaga hannu sama kamar wanda ya ci zaɓe. Da na ƙara girman hoton sai na ga wani baƙin layi ta hagunka, tsakaninku bai fi taku ashirin ba. Ruwa ne a buɗe, Abba. Tun daren nan ban yi barcin kirki ba.

Na san abin da za ka ce: sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, me zai hana kogi daskarewa? Wannan lissafin kududdufi ne. Kogin da ya ratsa garinku Saskatun yana da linzami, kuma linzamin yana hannun mutanen da ke dam ɗin Gardiner, sama da kilomita 100 kudu da ku. Tun 1967 da aka buɗe shi, ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar nan daga tafkin Diefenbaker da ke bayan dam ɗin yake fitowa, gwargwadon yadda aka sake shi.

Ruwa ya fi nauyi idan yana digiri 4. Saboda haka da hunturu ruwan da ke daf da daskarewa shi ke tsayawa a sama ya yi murfi, mai ɗan ɗumin kuma ya kwanta a ƙasa. Ka tuna ƙanƙarar leda ta azumi wadda ba ta gama kamawa ba, bayanta tauri, cikinta ruwa. Bututun da ke kai ruwa ga injinan wuta daga can ƙasa suke ja. Shi ya sa gindin dam ba ya rufewa, sai ruwan ya yi tafiya mai nisa ya huce. A Saiberiya, kogin Yenisei yana tafiyar kilomita ɗari biyu ko fiye a buɗe bayan dam ɗin Krasnoyarsk, duk tsananin sanyin can. Bakin da ƙanƙara ke farawa kuma ba ya zama wuri ɗaya, sanyi ya tsananta ya matso, a ƙara sakin ruwa ya ja baya. Ku a cikin gari kuna da ƙari: tashar wuta ta Queen Elizabeth tana mayar da ruwa mai ɗumi cikin kogin, magudanan titi suna zubo nasu, ga ƙaramin shingen siminti kusa da jami'arku inda ruwa ke faɗowa yana juyawa. Kowannensu yana cin ƙanƙara ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hawa da saukar ruwan. Da hunturu buƙatar wuta ke ƙaruwa, musamman da safe da kuma bayan magariba, sai tashar Coteau Creek da ke jikin dam ɗin ta ƙara aikin injinanta uku. Ƙarin ruwan yana gangarowa ya iso ku bayan sa'o'i, ba wanda zai buga maka waya. In ruwan ya hau, yana ɗaga murfin gaba ɗaya. Gefen da ya manne da gaɓa ba ya iya tashi, sai ya tsage a tsawon bakin kogi, ruwa ya ɓulɓulo ta tsagin ya kwanta a kan ƙanƙara ƙarƙashin dusa. Da dare samansa ya yi ɓawo siriri, dusa ta sake rufe shi, ka gan shi fari fes kamar ko'ina. In kuma ruwan ya sauka, tsakiya ta bi shi ƙasa, gefe ya rage a rataye, iska ce kawai a ƙarƙashinsa. Ƙarfin ƙanƙara daga ruwan da take kwance a kai ne, tamkar kwalekwale. Ka janye ruwan, ta koma faifan gilashi da aka ɗora kan duwatsu biyu. Mutumin Kwara ko Neja da ke zaune ƙasan Kainji da Shiroro ya san ma'anar "an saki ruwa". To haka ne a can, sai dai a rufe ake yi.

Akwai kuma wata ƙanƙara da ba ta yin faifai. A inda ruwa ke gudu a buɗe cikin dare mai tsananin sanyi, yakan ɗan sauka ƙasa da sifili bai daskare ba, sai ya cika da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da kunun tsaki. Suna manne wa dutse da ragar ƙarfen bakin bututu, har su toshe ta. Masu yawa ruwa ke turawa ƙarƙashin murfin su taru. Hanya ta ƙuntata, ruwa ya ƙara gudu ta ɗan wurin da ya rage, ya zaizaye murfin wurin. Shi ya sa a kogi za ka auna santimita 30 a nan, ka yi taku biyar ka samu 5.

Kada ka ce to bari mu koma kan tafkin, tunda abokanka masu kamun kifi can suke zuwa. Ana zuƙe shi duk tsawon hunturu, ya sauka mitoci da dama kafin narkewar dusa ta sake cika shi. Bakinsa duk tsage-tsage ne da gangara, kusa da dam kuwa ruwa na tafiya a ƙasa ko da sama ya yi tsit.

Karatu na tura ka, ba wasan yara ba. Lokacin da kawunka ya tsaya kai da fata cewa ka yi digirinka na biyu a Samaru, ni na ce a bar ka, ni na sa hannu, kuma ka san abin da aka sayar. Ka kuma san abin da kogin Galma ya yi wa gidan nan, ba sai na faɗa ba. Da wane bakin zan yi wa Hajiyarku bayani? Wanda ya faɗa a tafki yana da ramin da zai koma. A kogi ruwa na jansa ƙarƙashin murfi cikin daƙiƙoƙi, ya ɗago kai ya tarar da rufi. Wannan hoton ne ba ya barin idona.

Na huce. Ga abin da nake so ka riƙe. Kogin, haram ɗinka ne, ko da ka ga sawun mutum ɗari. In za ka yi wasan kan ƙanƙara, je filin da hukumar gari ta tanada. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana cewa santimita 15 ga mutum ɗaya, 20 ga taro, 25 ga babur ɗin dusa, kuma wannan awon na ƙanƙara garau ce mai shuɗi-shuɗi a kan ruwa tsayayye. Fara mai kama da madara rabin ƙarfin waccan take da shi. Mai ruwan toka akwai ruwa a cikinta, ko kusa kada ka je.

In ƙaddara ta afka, Allah ya tsare, wani malami a Jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, ya tsara abin da lamba uku: 1, 10, 1. Minti ɗaya na farko numfashi zai ƙwace maka, aikinka kawai ka hana bakinka shan ruwa har ya daidaita. Kana da wajen minti goma kafin hannuwa su mutu. Ka juya ta inda ka fito, don can ce ta ɗauke ka ɗazu, ka shimfiɗa hannuwa a kai, ka harba ƙafafu a baya har jikinka ya kwanta, ka ja ciki ka hau. Kada ka miƙe tsaye, mirginawa za ka yi har ka yi nisa. Kusan awa guda ce kafin sanyi ya gusar da hankali, don haka ko ka kasa fita ka bar hannuwanka a kan ƙanƙara. In abokinka ne ya faɗa, ka kira lambar gaggawa 911, ka jefa masa igiya ko reshe daga gaɓa. Na san zuciyarka, za ta ce ka ruga. Kada ka ruga.

Ban nuna wa Hajiyarku hoton ba, na kuma ce wa ƙanwarka ta goge. Ka cire shi daga Facebook kafin gwaggonka ta Tudun Wada ta gani. Ran Juma'a ka kira bayan kun sauko masallaci, ina so in ji alkawarin da bakinka. Yaji da kilishin suna nan an ƙulle, ana jiran mai tafiya, sai dai an ce ba a barin nama ya shiga, wataƙila yajin kaɗai zai iso.

Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka,
Zariya