Kafin a sabunta katin bashi na matafiya, a zauna a yi lissafi da naira

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai albarka domin in yi magana a kan wani abu da ke cin kuɗin wasu 'yan'uwanmu a nan Kano shekara bayan shekara ba tare da sun zauna sun duba shi ba. Sana'ata yankan tikitin jirgi da shirya wa mutane tafiya, kuma cikin masu zuwa wurinmu akwai likitoci da malaman jami'a da suka yi zaman Amurka suka dawo gida, da 'yan kasuwar da 'ya'yansu ke can. Da yawansu suna riƙe da manyan katunan bashi na matafiya, irin su Platinum na American Express da Sapphire Reserve na bankin Chase. A bana tambayarsu ɗaya ce: a ci gaba da riƙe katin ko a rabu da shi?

Abin da ya tayar da maganar shi ne ƙarin kuɗi. A shekarar 2025 Chase ya ɗaga kuɗin shekara na katinsa daga dala 550 zuwa 795, American Express kuma ya ɗaga nasa daga dala 695 zuwa 895. Wannan ba kuɗin sayayya ba ne, kuɗin riƙe katin ne kawai, ko an yi amfani da shi ko yana kwance a aljihu. Wanda ke karɓar albashi da dala zai ji ƙarin ya wuce. Amma wanda ya dawo Kano yana samun naira, sai ya je Wapa ya sayi dalar. Kafin gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba. Idan aka ɗauke ta a kan naira 1,500, dala 895 ta haura naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi kafin ya ga wannan kuɗin.

Kamfanonin suna da amsarsu. American Express ya ce alfanun da ke cikin katin ya haura dala 3,500 a shekara, wato ka biya kaɗan ka kwashi da yawa. Ba na cewa ƙarya suke yi. Amma a duba inda alfanun yake. Rangwamen hawa Uber ne a cikin Amurka, da rangwamen cin abinci a wasu gidajen abinci na can, da na sayen kayan motsa jiki a wani kanti na can, da na kallon fina-finai ta intanet. Kuma ba a ba ka shi a dunƙule: wani duk wata ne, wani duk wata uku, idan lokacinsa ya wuce ba ka taɓa ba ya tafi ke nan. An ɗinka wannan rigar ce wa mazaunin New York ko Houston, wanda dama can yana kashe kuɗinsa a waɗannan wurare. Alhajin da ke zaune a Nasarawa ko Rijiyar Zaki, wanda yake leƙa Amurka sau ɗaya a shekara, mene ne nasa a ciki? Ma'aunin da nake ba kowa shi ne: kada ka lissafa abin da aka rubuta a takardar talla, ka lissafa abin da da ma za ka biya da kuɗinka ko babu katin. Idan rangwame ne ya sa ka sayi abin da ba ka da niyyar saya, ba riba ka ci ba, kashewa ka yi.

A nan katin Chase ya ɗan fi sauƙi, domin yana mayar da dala 300 a kan kuɗin tafiya kai tsaye, ko tikiti ko otal. Duk da haka saura dala 495 da sai mutum ya nemo inda za ta fito.

Sai batun maki, wato ladan da katin ke tara wa mai shi idan ya yi sayayya da shi, ya musanya da tikitin jirgi daga baya. Wannan shi ne ya fi ruɗar mutane. Maki ba ya taruwa sai da kashe kuɗi ta katin, kuma manyan kuɗaɗen mutumin Kano ba ta nan suke bi ba. Ɗan Kantin Kwari da ke saro yadi daga Guangzhou ta banki yake tura kuɗi ko ta hannun 'yan canji, haka yake biyan masu ɗauko masa kaya. Kujerar Hajji da naira ake biyanta a asusun hukumar alhazai. Cefanen gida da kuɗin makaranta da na asibiti duk tura kuɗi ne ta waya. A kasuwannin Sin ma Alipay da WeChat Pay ne ke aiki, kuma ba kowane kanti a Jidda ko Dubai ke karɓar American Express ba. To da me makin zai taru?

Idan ma ya taru, sai a zo ga kashe shi. Gaskiya ne ana iya tura makin American Express zuwa asusun kamfanonin jirgi kamar Qatar Airways, wanda ya fara sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano a 2022, kuma wanda ya iya takunsa yana iya samun kujerar manya da kuɗi kaɗan. Na ga waɗanda suka samu. Amma kujerun da ake bayarwa da maki 'yan kaɗan ne, kuma lokacin da mutanenmu suka fi son tafiya, wato Umrar goman ƙarshe ta azumi da hutun ƙarshen shekara, shi ne lokacin da ba a samunsu. Ga haraji da kuɗin mai da har yanzu sai an biya da tsabar kuɗi. Ga shi kuma hanya kan rufe ba zato: Emirates ya daina zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Wanda ya tara makinsa a can ya yi kusan shekara biyu yana kallonsa. Kamfanin jirgi kuma yana iya ƙara yawan makin da tikiti ke ci duk ranar da ya ga dama, ba sai ya nemi shawarar kowa ba.

Abin da ba zan musa ba shi ne falon hutu na filin jirgi da katin ke ba da damar shiga. Wanda ya taɓa yin dogon jira a Adis Ababa ko Alƙahira tare da tsohuwa ko yara ya san darajar wurin zama da abinci da banɗaki mai tsafta. Inshorar jinkirin jirgi da ɓatan kaya ma tana da amfani. Sai dai yawancin irin waɗannan falo ana shiga da kuɗi, kuma wasu katunan dala na bankunanmu na gida suna ba da damar shiga. Mai tafiya biyu ko uku a shekara gara ya biya a ƙofa.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan nauyi a wurina, kuma na lura ana kauce masa a hira. Katin bashi ne, kuma a cikin yarjejeniyarsa akwai kuɗin ruwa ga wanda bai biya duka a kan lokaci ba. A Amurka ruwan irin waɗannan katuna yakan haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Jinkirin wata biyu ko uku ya isa ya cinye duk makin da aka tara, garin neman gira a rasa ido. Mazaunin Kano ya fi kowa shiga wannan haɗarin, saboda biyan nasa ya dogara da samun dala da kuma isar kuɗi can a kan lokaci. Ta fuskar addini kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa bai halatta ba, ko da mai shi yana da niyyar biya kafin ruwan ya hau. Akwai malaman da suka sassauta wa mazauna ƙasashen Turai da Amurka saboda lalura. Wanda ya dawo garin da ke da rassan bankunan Musulunci na Jaiz da TAJ ya kamata ya tambayi malaminsa ko wannan lalurar tana kansa har yanzu. Ni ba malami ba ne, amma bai dace a yi lissafin dala a bar wannan a gefe ba.

Idan na matsa da tambaya, sau da yawa dalilin da ke fitowa daga ƙarshe shi ne girma. Katin ƙarfe ne mai nauyi, ana kallonsa idan aka fitar. Ina girmama masu wannan tunani, domin da guminsu suka kai matsayin da aka ba su shi. Amma abin yana yi mini ciwo in ga dattijo mai iyali da dangi a wuyansa yana fitar da sama da miliyan duk shekara domin abin da ba ya yi masa aiki.

Ba kowa nake cewa ya rufe ba. Wanda har yanzu yake da aiki da gida a Amurka, yana tashi kusan kowane wata, yana biyan bashinsa cif kafin ranar, zai iya fitar da kuɗinsa har da ƙari. Sauran kuwa, kuma su ne mafi yawa a cikin waɗanda nake gani, shawarata su sauka. Amma a yi shi da tsari. A fara tura makin zuwa kamfanin jirgin da ake hawa, domin rufe kati kafin haka yana iya sa a rasa shi. A tambayi bankin ko zai sauya katin zuwa ƙarami mai arha ko marar kuɗin shekara, saboda tarihin bashin mutum a can ya ci gaba da tafiya. Idan kuma an riga an cire kuɗin bana, a kira su da wuri, don sukan mayar idan an rufe cikin kwana 30.

Ina roƙon shafinku na kasuwanci ya gayyato ma'aikacin banki da malamin fiƙihu su yi wa jama'a bayanin katin bashi da Hausa, musamman yanzu da bankunan gida suka fara tallata nasu ga matasa masu albashi.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Fagge, Kano