Wasiƙa ga Aminina kan Sana'ar Tace Rubutu

Assalamu alaikum Malam Habibu,

Da fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da ka yanke shawarar kama aikin tace rubutu. Amma kafin ka buɗe shafi a wani dandalin neman aiki na intanet, ka fara sanin abin da za ka sayar, don yawancin rigimar edita da mai aiki daga nan take tasowa.

Gyara iri uku ne. Akwai na tsari, inda za ka ce wannan babi ya koma gaba, wancan a rage shi. Akwai na jimla, wato nahawu da zaɓen kalma da daidaita salo. Sai duban ƙarshe na kurakuran bugu, bayan an gama shirya shafuka. Mutum zai ce maka "ɗan duba min kawai", alhali so yake ka sake gina masa littafin. Saboda haka kada ka yanka farashi sai ka ga rubutun. Ka karɓi kalmomi 500 zuwa 1,000 daga tsakiyarsa, ba daga farko ba, domin farkon ne marubuci ya fi gogewa. Ka gyara, ka auna lokacin da ya ci maka, sannan ka lissafa. Kuma ka yi ciniki da kalma, ba da shafi ba. Shafi yana ƙaruwa ko raguwa da girman harafi. In mai aiki ya nace sai shafi, ku tsayar da shi a kan kalmomi 250.

Duk gyaran da za ka yi a Word, ka kunna Track Changes tukuna, wato abin da ke nuna duk inda ka taɓa. A Google Docs kuwa Suggesting. Wanda ka gyara wa ba tare da ya ga inda ka taɓa ba, ko ya ce ba ka yi komai ba, ko ya ce ka ɓata masa. Ka kuma buɗe takarda guda kana rubuta yadda aka tsayar da sunaye da lambobi, kada Aisha ta babi na ɗaya ta zama A'ishatu a babi na tara.

Ƙarfinka a kasuwar nan Hausa ce. Masu gyaran Turanci sun cika maƙil, amma wanda ya san inda ake haɗe "yana" da inda ake raba "a kan" daga "akan" ba su da yawa. Ka sa allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, kamar Gboard a waya ko Keyman a kwamfuta. Ka lura, wasu nau'o'in haruffa ba su ɗauke da masu ƙugiya, sai ka ga sun fito ɗan akwati-akwati a wurin mai aiki. Ka riƙa haɗa masa da PDF don ya ga yadda ya kamata su fito.

Wajen neman aiki a intanet, dandalin Fiverr shago ne: ka baje hajarka, a zo a same ka, Fiverr su cire kashi 20 cikin 100 la'ada, kuma sabon shiga yakan jira kwana 14 kafin kuɗin su zama na cira. A Upwork kai ne mai nema, kuma kowace nema tana cin wasu maki da suke kira Connects, waɗanda galibi saye ake yi, don haka kada ka watsa su barkatai. Dandalin ProZ ya fi dacewa da duba fassara. Takardar nemanka ta zama gajera: ka nuna ka karanta tallar, ka faɗi ranar gamawa, ka haɗa samfuri mai nuna rubutu kafin gyara da bayansa. Kuɗin waje kuma ka buɗe asusun Payoneer, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da suna daidai da na katin shaidarka, don bambancin harafi ɗaya yakan tsayar da tantancewa.

Ni dai a ganina aikin farko ya fi saurin fitowa a gida: marubutan littattafan Hausa da ke zaurukan WhatsApp da Facebook, ƙungiyoyi masu fassara takardun faɗakarwa, da ɗalibai masu kundin digiri. Na ɗalibai ka tsaya a gyaran harshe, kada ka rubuta musu. A irin wannan aiki babu mai riƙe maka kuɗi a tsakiya kamar yadda Fiverr da Upwork ke yi, don haka rabi kafin alƙalami, ciko kafin ka miƙa. Ku rubuta yarjejeniyar ko da a saƙon waya ne, har da cewa sake dubawa sau ɗaya ce kyauta.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, ɗan damfara ne. Haka mai ja ka daga Upwork zuwa Telegram. Ban da hasarar kuɗi, za a iya rufe maka shafi. Gwajin kyauta ma kada ya wuce shafi biyu.

Ka turo min samfurinka in duba kafin ka ɗora shi. A gaida mutanen gida.

Naka,
Kabiru