Wasiƙa zuwa Fatakwal a kan teburin maɗaci

Kano, farkon hunturu.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ruwan Fatakwal ne ya cinye hanyar gida, domin tun babbar salla waccan ba wanda ya ga ƙeyarka.

Saƙonka ya iso, kuma na yi dariya har Uwargida ta leƙo daga ɗaki. Ashe Ɗan'auta ne ya tura maka hoton teburin ba da sanina ba, shi ya sa ka jefo mini tambaya biyu a jere: wai da gaske ni na yi shi, in kuwa da gaske ne, in yi maka kantar littattafai in aiko a mota. Ta farko ba ta da wuyar amsawa. Ni na yi shi, da hannuna, a ƙarƙashin rumfar bayan gida, kuma ban buga masa ƙusa ko ɗaya ba. Na san za ka ce mutumin da a makaranta ba ya iya fiƙe fensir sai ya karya shi, yaushe ya zama kafinta. To, gani ya kori ji, ranar da ka zo a kansa za a ajiye maka tuwo.

Ka tuna maɗacin nan na bakin gonar Kawu, wanda muke ɓare ɓawonsa mu kai wa Goggo ta jiƙa wa masu ciwon ciki? Iskar farkon damina ce ta kayar da shi shekarar da ta gabaci bara. Kawu har ya fara ciniki da masu gawayi lokacin da labari ya iske ni, na roƙe shi ya bar mini gindin, su kwashi rassan. Na ɗauko mai injin yanka ya tsaga mini shi falanki-falanki, kaurin kowanne inci ɗaya da rabi, na bar wasu masu kauri domin ƙafafu, aka loda a a-kori-kura aka kawo gida. A lokacin ban san komai game da aikin ba illa sha'awa. Tsohon kafintan nan na bayan masallacin Juma'a, wanda ya yi bencinan ajinmu, shi na je na durƙusa wa, kuma abin da ya fara gaya mini shi ne in ajiye zarto tukuna, domin ɗanyen katako ba a aiki da shi.

Ya sa na jera bulo a inuwa, na shimfiɗa falanki na farko a kai, na gitta 'yan siraran sanduna, na ɗora na biyu, haka har suka ƙare, yadda iska za ta riƙa ratsa tsakaninsu ta kowane gefe. Bakin kowane falanki kuwa ya sa na shafe shi da tsohon fenti, saboda ta baki ruwa ya fi saurin fita, in kuma bakin ya riga tsakiya bushewa sai ya tsage. A sama muka danne da duwatsu don kada su kanannaɗe. Haka suka zauna fiye da shekara, sun cinye rabin wurin shanya, Uwargida tana wucewa tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ya tara itace yana gadinsa ba a dafa komai da shi ba.

Abin da na fahimta a wannan zaman jiran, wanda kuma shi ne ya hana ni ce maka “to” nan take, shi ne katako ba ya daina motsi ko bayan ya bushe. Da damina yana shan laimar iska ya kumbura, da hunturu ya saki ruwan ya tsuke, kuma motsin nan kusan duka ta faɗi yake yinsa, tsawonsa bai cika canzawa ba. Saman tebur mai faɗin santimita 90 yana iya ƙaruwa ko raguwa da kusan santimita guda tsakanin watan Agusta da watan Janairu a nan Kano. Idan aka ɗaure shi tamau da ƙusoshi a jikin firam wanda ba ya motsi tare da shi, ba shi da inda zai je, sai ya tsage ko ya banƙare. Ka duba ƙofofin katako na tsohon gidanmu: da damina sai an sa kafaɗa suke rufuwa, da hunturu kuwa kana hango tsakar gida ta tsakanin falankan. Mun girma muna ganin haka, muna zagin kafinta, alhali halin itacen ne.

Saboda haka na bi tsohuwar hanya. Kowace ƙafa na huda mata rami mai kusurwa huɗu da kurfi, na fere harshe a bakin katakon da ke haɗa ƙafafun, kaurinsa kamar sulusin kaurin katakon, yadda zai shige ramin daidai. Wannan shi ne wurin da aikin ya fi cin rai, kuma shi ne ya fi daɗi. Harshen da ya shige ba wahala ya yi sako-sako, wanda kuma sai an dage da guduma zai shiga, zai iya fasa ƙafar. Ana so ya shiga da turin hannu da ɗan bugu kaɗan, in ka ɗaga katakon kuma ƙafar ta biyo shi ba ta zame ba. Sai ka gwada, ka zare, ka duba inda ya yi sheƙi saboda gogayya, ka kankare nan kaɗai da bakin kurfi, abin da bai kai kaurin takarda ba, ka sake gwadawa. Da na gama na shafa farin gam, na matse, na huda na soka turaku na katako. Saman teburin kuwa ban manna shi da firam ba. Na yi wasu 'yan gutsattsarin katako da ke riƙe shi ta ƙasa, bakinsu yana cikin wani tsagi da na yanka a jikin firam ɗin, yadda saman zai iya zamewa kaɗan ya dawo ba tare da ya ɗaga ba. Tsayinsa santimita 75 ne, kamar yadda aka saba yi wa teburin cin abinci.

Kayan aikina duka na hannu ne, in ban da zuwa ɗaya da na kai falankan injin gyara aka daidaita mini kaurinsu. Ka san halin wutarmu, wanda ya dogara da ita ba zai gama ko benci ba, janareta kuma da tsadar man nan ba abin da za a tayar don nishaɗi ba ne. Zarto biyu gare ni, da kurfi kala uku, da guduma, da tef na awo, da sikwaya, da wani tsohon filen na ƙarfe, abin kankare fuskar katako, da na tsinta a wurin 'yan gwangwan, duk ya yi tsatsa, na wanke shi na wasa bakinsa a dutse. Ranar da ya fara fitar da ɓawon katako siriri yana naɗewa, jan maɗacin ya fito fili yana ƙyalli, na kira yara su zo su gani, suka duba suka koma wasansu. Samfefa na fara da mai lamba 80, na koma 120, na ƙarasa da 220, sa'an nan na shafa banish sama da ƙasa daidai wa daida, don kada fuska ɗaya ta fi ɗaya shan iska. Ƙurar maɗaci tana da ɗaci a maƙogwaro kuma tana sa atishawa, dole sai da takunkumi. Dusar kuwa maƙwabcina mai kaji yake aiko yaro ya kwashe, har ya fara tambayar yaushe zan fara wani aikin.

Maganar mutane kam na sha ta. Liman ya tsare ni bayan la'asar ya tambaye ni a asirce ko albashi ne ya tsaya, in akwai matsala in faɗa kada in ji kunya. Yaya Babba ya ce a zuriyarmu ba masassaƙi, me ya kai ni gadon da ba nawa ba. Mutuminka na majalisa kuwa, wanda ba ya raina abin tsokana, yanzu ba ya kirana sai Sarkin Sassaƙa, kuma ya yi alkawarin kawo mini turmin matarsa da ya tsage. A wurinmu har yanzu abin mamaki ne mai aikin ofis ya riƙe zarto alhali yana da kuɗin biyan kafinta, kuma na gaji da bayani, sai in ce musu likita ne ya ce in riƙa motsa jiki. Gaskiyar magana ita ce yini nake yi ina tura takardu daga wannan tebur zuwa wancan, da yamma ba abin da zan nuna in ce ga shi na yi. A rumfar nan kuwa, in na yanka ya karkace ina gani, in ya miƙe ina gani, ba kwamitin da zai zauna a kai.

Yanzu damuwata ɗaya ce, ita ce hunturun nan da ya kunno kai. Na haɗa teburin ne a ƙarshen damina, lokacin da katako yake cike da laima, kuma wannan ce iskar bushewa ta farko da zai gamu da ita a matsayin tebur. Na ja layi da fensir a ƙasansa, daidai inda saman ya haɗu da firam, kuma da safe kafin in fita nakan durƙusa da tocila in duba. Ya riga ya ja baya kaɗan daga layin, wato yana zamewa kamar yadda aka shirya masa, haɗin falankan kuma bai buɗe ba. Shekaranjiya da dare na ji wata ƙara daga falo na tashi a firgice, ashe murfin tukunya ne mage ta ture. Tsohon kafintan ya ce in ya wuce watan Fabrairu lafiya, to in kwantar da hankalina, jikokina ma za su ci abinci a kansa.

Ka ga ke nan inda maganar kantarka ta tsaya. Ruwan da ake yi a Fatakwal ya ninka na Kano fiye da sau biyu, iskarku kuma ba ta rabuwa da laima. Katakon da ya bushe ƙayau a rumfata, in ya sauka a ɗakinka zai sha ruwa ya kumbura, aljihunan su cije, ƙofofin su ƙi rufuwa, ka bugo waya kana cewa dama ka faɗa. Mu ma nan abin da ke samun mu ke nan ta ɗaya fuskar: yawancin katakon da ake sayarwa a 'Yan Katako na Na'ibawa daga dazukan kudu ake kawo shi, wani da sauran ruwansa, mai gaggawa ya saya yau a yi masa gado gobe, hunturu na zuwa ya ji yana ƙara. Kai da kake kusa da inda loko yake, wanda gara ba ta cika damunsa ba kuma yana jure laima, ban ga dalilin da zai sa a ɗauko maka itace daga arewa ba. Abu ɗaya dai nake roƙonka, kada ka sayi irin allon nan na matsattsiyar dusa da ake yi wa amare kayan ɗaki da shi yanzu. Yana da kyan gani ranar jere, amma da ruwan mopa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura ya fara zubewa, sukurun da aka ɗaura masa kuma ba ya sake kamawa. A garinku ba zai ga damina biyu ba.

Ka ambaci madobiya, wai ka ga wani teburi nata a ofishin wani babba. Na neme ta don in yi 'yar kujera, wadda na samu siririya ce, kuɗinta kuma ya fi ƙarfina. Shekarun da aka yi ana sare ta a dazukan Taraba ana lodawa zuwa Sin sun cinye manyan itatuwan. A taron yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da itatuwa tsakanin ƙasashe, da aka yi a Johannesbag a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da izini, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, sa'an nan a taron Panama na 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo na Afirka a jerin masu bukatar izini. Dokar ta fitarwa waje ce, ba ta shafi teburina ba, amma ta sa na ƙara ganin girman abin da Kawu ya kusa sayar wa masu gawayi. Na gaya masa mu dasa wasu a gurbinsa, ya ce in kawo irin shi zai sa yara su riƙa ba su ruwa.

Sauran falankan da suka rage ina tsaron su daga gara, domin ta riga ta yi gini a jikin katangar rumfar. Na ɗaga su daga ƙasa, na shafe sandunan da ke ƙarƙashi da baƙin mai kamar yadda ake yi wa katakon rufi, su kansu falankan ban taɓa su da shi ba don kada ya ɓata launin. Da su nake so in yi kujeru, kuma an ce kujera ta fi tebur wuya nesa ba kusa ba, saboda ƙafafun baya ba a miƙe suke ba, ga shi kullum ana jingina ana girgiza ta. Hedimasta ya aiko wai in yi wa 'yarsa gadon aure, bikin bayan ƙaramar salla, na ba shi haƙuri na tura shi wurin masu sana'ar. Ya yi fushi kwana biyu, yanzu mun shirya. Af, angon ɗan wajen Hajiyar Lungu ne, wanda ka taɓa kora daga kan mangwaronku, yanzu har ya buɗe shagon sayar da waya a Farm Centre.

Ka auno mini bangon da kake son ajiye kantar, faɗi da tsayi, da tef ba da taku ba, ka kuma gaya mini tsayin littafinka mafi girma. In ya so sai in zana maka yadda za a yi ta, ka kai wa kafinta a can, ka tsaya a kansa ya yi da busasshen katako. Ka gaishe da Hajiya da yara, ka ce wa babban ina sane da alkawarin keken. Uwargida tana gaishe ku, ta ce in ka tashi zuwa kada ka manta da manjan da ka yi mata alkawari bara.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kano