Tafasa ba ta fitar da guba daga kifi

Assalamu alaikum Edita,

Wallahi baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Asabar ya ɓata mini rai. Wai in an wanke kifi da kyau, aka dafa shi ya nuna, shi ke nan an rabu da matsalar gubar zaiba da dalma. Haba! Wa ya gaya masa? Zaiba da dalma ba ƙwayoyin cuta ba ne balle wuta ta kashe su. A cikin tsokar kifin suke. Ki soya, ki yi banda, ki bar shi a tukunya har ya narke, suna nan daram.

Maimakon mai gabatarwa ya tare shi, sai ma ya ɗora da cewa ai wannan damuwar mutanen bakin teku ce. To mu a Jos kifin ina muke ci? Ni abinci nake sayarwa kusa da Terminus, kuma bandar kifi da jatan landen da nake zubawa a miya daga Kudu ake kawo mana su a buhu. Ba mai tambayar daga wane ruwa suka fito. Dattin masana'antu yakan kwanta cikin lakar ƙarƙashin ruwa, ƙananan halittu su ci, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya haɗiye ƙarami. Shi ya sa katon kifin nan da ya daɗe a ruwa, wanda kowa ke rububinsa, shi ya fi tara zaiba.

A Minamata ta ƙasar Japan, a 1956 aka gano cutar da cin kifi mai zaiba ya jawo. Kyanwoyin garin ne suka fara haukacewa, sannan aka riƙa haihuwar jarirai da nakasar ƙwaƙwalwa. Mu ma nan, mun manta yara sama da 400 da dalma ta kashe a Zamfara a 2010?

'Yata tana da ciki, tare muka saurari shirin, ga shi yanzu ta kafe kan maganar "likitan rediyo". Ku kawo masani daga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ko jami'a ya gyara wannan magana, a daidai lokacin da aka yi ta.

Sannan don Allah, lambar wayar nan da kuke karantowa, akwai mai ɗauka kuwa? Kullum kati na ke ƙonewa a banza.

Mai sauraronku,
daga Gangare, Jos