A riƙa auna iskar Kano, a kuma riƙa faɗa wa jama'a sakamakon

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin gwamnatin Jihar Kano da Hukumar NESREA, wadda aka kafa a shekarar 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, kan buƙatar girke tashoshin auna ingancin iska a cikin birni.

Duk shekara idan hunturu ya kama, Hukumar Hasashen Yanayi ta NiMet takan yi gargaɗi cewa ƙura ta taso daga yankin Bodele na ƙasar Chadi, har a ɗage tashin jirage a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano saboda matuƙa ba sa hangen nesa. Wannan aiki ne mai kyau, sai dai hazon da ya hana jirgi sauka shi ne yaro ɗan firamare yake shaƙa a hanyar makaranta, ga kuma hayaƙin adaidaita sahu, ga na janaretoci a Kantin Kwari da Sabon Gari, ga na masana'antun Sharaɗa da Bompai, ga bolar da ake cinna wa wuta da magariba a cikin unguwanni. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake babbakar kai da ƙafa da tsofaffin tayoyi ya san yadda maƙogwaro ke yin ɗaci, ya kuma ga baƙin da ke fita idan aka fyace hanci.

Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ƙwayoyin ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30, don haka sukan wuce hanci su isa can cikin huhu, wasu ma su shiga jini. Suna tayar da asma, suna kuma da hannu a ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta amince da shi daga mikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin lissafin shekara. Ido ba ya iya wannan awo, sai na'ura.

Amfanin na'urar kuwa yana ga bayyana abin da ta gano. A 2008 ofishin jakadancin Amurka a Beijing ya fara wallafa sakamakon na'urarsa a Twitter kowace sa'a, jama'a suka yi ta tambaya, har daga bisani gwamnatin Sin ta fara fitar da nata alƙaluman PM2.5, ta kuma ɗauki matakan rage hayaƙin gawayin kwal. Mu ma a nan gida, baƙar kunkunniyar da ta addabi Fatakwal tun ƙarshen 2016 ta isa ta nuna mana cewa ƙorafin da ba shi da alƙaluma bai cika motsa hukuma ba.

A ganina, bai kamata a sayo na'ura mai tsada a yanke mata ƙyalle, sannan a bar ta ta mutu saboda rashin wuta ba, kamar yadda muka saba gani da kayan gwamnati. A haɗa kowace tasha da sola, a ware kuɗin gyaranta a kasafi, a ajiye wasu a mahaɗar hanyoyi masu cunkoso, wasu kusa da makarantu, a kuma ba masanan Jami'ar Bayero damar kwatanta sakamakon da yawan masu zuwa asibiti da ciwon numfashi. Sannan gidajen rediyo su riƙa karanta sakamakon da Hausa kowace safiya tare da labarai, domin mai asma ya san ranar da zai sa takunkumi, shugaban makaranta kuma ya san ranar da bai dace a tsayar da yara a fili ba.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano